KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

 

Wannan karon zan ɗan kauce daga zancen miji da kishiya da uwar miji, in ja ku zuwa wani fage da kullum muna cikinsa amma ba mu cika tsayawa mu dube shi ba, wato fagen kiɗa da waƙa. Babu gidan da waƙa ba ta shiga. Kina tankaɗe tana tashi a rediyo, kina wanke-wanke tana tashi a wayar 'yarki, ranar biki kuwa ke da kanki za ki kwance bakin zani ki yi liƙi. To amma kin taɓa tambayar kanki, wannan mai waƙar da ya sa ki hawaye ko ya sa ki rausaya, wa ya ce ya yi ta haka? Zuciyarsa ce ko mai biyansa? Kuɗin da waƙar ta jawo kuma aljihun wa suka shiga? Tarihin wannan abu nake so mu bi, tun daga ƙasar Haɗeja har Ingila. Maganar halacci ko haramcin kiɗa na bar wa malamai, su ne masu fagen. Ni tawa maganar ta haƙƙi ce, haƙƙi kuwa ko na wane ne ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Bari mu fara daga can baya. A ƙasar Hausa makaɗi ba ya tafiya shi kaɗai, ƙungiya ce guda. Akwai mai bakin waƙa wanda shi ne jagora, akwai 'yan amshi, akwai masu riƙe da kayan kiɗa, ga kuma sanƙira mai zuba kirari yana faɗin wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Sau da yawa duk 'yan gida ɗaya ne, ɗa ya gaji uba, ƙane ya bi wa. Kuma kowace ƙungiya tana da ubangida. Duk wadda ta taɓa kallon hawan salla a Haɗeja ta ji yadda tambari da kakaki da algaita ke tashi in sarki ya fito, to irin waɗannan mutane tun kaka da kakanni fada ce ke ɗauke da su. A ba su gida, a ba su gona da hatsi, in waƙa ta yi daɗi a yafa wa mutum riga, wani lokaci har doki. Su kuma aikinsu su raya sunan gidan. Ta bakin irinsu ne mutanen da ba su taɓa buɗe littafi ba suka san Sarki Sambo da ɗansa Buhari wanda ya gagari Sakkwato, suka san Sarki Muhammadu wanda ya ƙi miƙa wuya har ya yi shahada a hannun sojojin Turawa a 1906.

Sai dai fa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaɗin fada ba shi da bakin da zai ce ubangidansa ya yi kuskure, ko da kuwa duk gari sun gani. Abin da ya rage masa dabara. Daga nan ne habaici da zambo suka samu gindin zama, ba za a kama suna ba, amma za a siffanta mutum da tafiyarsa da rawaninsa da rowarsa har yaro ƙarami ya gane wa ake nufi. Mu mata ai ba sai an koya mana wannan ba, mun san yadda ake yi wa kishiya waƙa a bakin turmi ba tare da an ambace ta ba. Kin ga ke nan tun asali da igiya a wuyan mai fasaha, sai dai gwani yakan yi kiwo har iyakar tsawon igiyar.

In aka bar fada aka gangara fadama sai a tarar da wani tsarin. Kogin Haɗeja, wanda ke tasowa daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, in damina ta yi nisa sai ya cika ya malala, ya shafe ƙasa mai faɗi tun daga wajen Auyo har Kirikasamma da Guri, ya nufi Nguru. Manomi ya shuka shinkafa, in ruwa ya janye ya bi danshi da wake, masunta su cika kwanduna, Fulani su sauko da shanu da rani. Kowace sana'a da makaɗanta: gangar noma ga masu gayya, kalangu ga mahauta, dundufa ga maƙera, gurmi ga 'yan kokawa da samarin dandali, mu kuma mata ga ƙwarya ga shantu. Ladan makaɗi a nan damin gero ne, ko ƙwaryar shinkafa, ko kifi, ko ɗan abin da aka liƙa masa a goshi. Shekarar da kogi ya yi kyauta bukukuwa su yi yawa da kaka, makaɗi ya yi ƙiba. Shekarar da ya hana kuwa kowa ya ji a jikinsa har da mai ganga.

Abu ɗaya nake so ki riƙe game da wancan zamani, 'yar uwa. Ba yadda za a yi a ji muryar mutum in ba ya wurin. In kina son waƙar wane sai a aika a kira wane, a ba shi masauki, a ciyar da shi da yaransa, a sallame shi. Muryarsa tana maƙogwaronsa, in ya tashi ya tafi da abarsa. Duk rigimar da ta biyo baya ta faro ne daga ranar da aka samu na'urar da ke raba murya da mai ita.

A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya ratsa ta Malam Madori, sai cinikin gyaɗa ya buɗe, aka samu sababbin masu kuɗi waɗanda ba 'ya'yan sarauta ba ne, dillalan gyaɗa da 'yan kwangila da masu manyan motoci. Su ma suna son a ji sunansu. Cikin kayan da zamani ya shigo da su har da garmaho, akwatin nan da ake wanawa a ɗora masa faifai ya yi ta waƙa. Rediyo ta zo ta fi shi ƙarfi, musamman da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, wanda ake kamawa har ƙasashen maƙwabta. Mace tana zaune a ɗakinta a Kafin Hausa sai ga muryar Alhaji Mamman Shata ta shigo mata ba sallama, ita kuwa ko ruwan sha ba ta ba shi ba. A shirin Zaɓi Sonka har wasiƙa ake aikawa a ce a sa wa wance waƙa kaza.

Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, shi ne ya fi kowa gane wannan sabon zamani. Bai ɗaure kansa a ƙofar mutum ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da 'yan siyasa da matan da suka yi fice, wanda ya kyautata masa ya shiga waƙa, wanda ya saɓa masa ma ya shiga ta wata ƙofar. Yawan iyayen gida ya ba shi sakewar da makaɗin fada bai samu ba, domin in wannan ya juya baya ga wancan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, ya rasu a 1999. To amma ba kowa ne Shata ba.

Shi faifai yana da nasa sharuɗɗan. Tsohon faifan garmaho bai wuce minti 3 zuwa 4 a kowane gefe ba, alhali makaɗinmu ya saba ya raba dare a kan waƙa ɗaya, yana kallon fuskokin jama'a yana ƙari. Yanzu ga shi a ɗaki rufe ba ɗan kallo ko ɗaya, wani na nuna masa agogo. Ko da babban faifai ya zo, mai ɗaukar kamar minti 20 a gefe, kamfani ne ke zaɓar abin da yake ganin zai sayu. Ga kuma maganar takarda. Ciniki iri biyu ne, ko a biya mutum gaba ɗaya ya sallama, ko a riƙa ba shi ɗan kaso daga kowane faifan da aka sayar. Yawancin makaɗanmu na lokacin ba su yi boko ba, takardar da Turanci take, littafin lissafi kuma yana Legas. Mutumin da ke da iyali, ga 'yan amshi da makaɗa suna jiran rabo a bakin ƙofa, ai kuɗin hannu zai zaɓa, ba ya jiran na gobe.

A cikin wannan zamani ne na Haɗeja ya fito, marigayi Alhaji Haruna Uji mai gurmi. Gurmi ɗan ƙaramin abu ne, ƙoƙo da fata da sanda da tsirkiya, ba wanda ya zaci zai wuce dandali. Haruna Uji ya ɗauke shi ya kai shi ko'ina, har ya zama in an ce gurmi sunansa ne ke fara zuwa baki. Abin da ya fitar da shi daban kuwa soyayya. A lokacin da kasuwar waƙa kusan duk ta yabo ce, shi sai aka san shi da waƙar mace da begenta, irin su Jummai da Balaraba. Ki duba lissafin da kyau. In ka yabi alhaji, alhaji zai ba ka riga ko mota ko kujerar Makka. In ka yi waƙar bege fa, wa zai biya? Ba kowa, sai dai jama'a su so ka. To jama'ar ce ta ɗauke shi, musamman mu mata da samari, rediyo da kaset kuma suka kai shi inda ƙafarsa ba ta taka ba. A nan dole mu yi wa kasuwa adalci. Ba don na'ura ba da waɗannan waƙoƙi sun bi mai su kabari, kamar yadda muryoyin makaɗan Sarki Buhari suka bi su, yau ba mai iya ce miki ga yadda amonsu yake.

Kada ki ɗauka wannan ja-in-ja tsakanin mai fasaha da mai jari namu ne mu kaɗai, ko kuwa rashin boko ne kawai ya jawo. Kamfanin EMI, wanda ya buga faya-fayan Shata da Ɗan Maraya Jos da wasunsu, yana da ɗakin ɗaukar murya a Apapa ta Legas a wancan lokaci. A ɗakin nan ne a 1973 wani Bature mai suna Paul McCartney ya zo ya yi aikin faifai, har Fela Kuti ya zarge shi a bainar jama'a da zuwa satar kiɗan baƙar fata, sai da ya kunna wa Fela abin da ya ɗauka kafin ƙura ta lafa. Labarin wannan McCartney ɗin kuwa ya isa darasi.

Su huɗu ne samari daga birnin Liverpool na Ingila, ba 'ya'yan wasu masu hali ba, ƙungiyarsu mai suna Beatles ta faro a 1960, masu jita uku da mai ganga ɗaya, suna irin kiɗan nan mai ƙara da ake kira rok. A farkon 1962 kamfanin Decca ya saurare su ya ce bai ga abin saye ba. EMI ya ɗauke su a shekarar, a kan kwabo ɗaya na tsohon kuɗin Ingila a kowane ƙaramin faifan da aka sayar, kwabon nan kuma su huɗu za su raba bayan manajansu ya cire nasa. Manajan ne ma ya raba su da rigunan fata da suka saba sawa ya sa su a kwat iri ɗaya, don iyaye su yarda 'ya'yansu su saurare su. Cikin shekara biyu duniya ta ɗauka. A 1966 suka daina wasa a gaban jama'a, domin ihun 'yan mata ya kai su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Suka koma ɗaki suna gwaje-gwaje, har da kayan kiɗan Indiya, a nan suka yi ayyukan da har yau ake koyi da su. Sun samu wannan dama ne don sun riga sun cika wa kamfani aljihu, ba mai iya nuna musu agogo.

Duk da haka ba su tsira ba. Waƙoƙin da McCartney da abokinsa John Lennon suka tsara, tun 1963 aka zuba su a wani kamfani da ba su ne ke da rinjaye a cikinsa ba. A 1969 babban mai jarin ya sayar da kasonsa ba tare da ya shawarce su ba, mallakar waƙoƙin ta koma hannun wasu. Sun kafa nasu kamfanin mai suna Apple a 1968 don su zama iyayen gidan kansu, sai rigimar kuɗi da ta wanda zai riƙe musu lissafi ta shiga tsakani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1970 ƙungiya ta watse, aka koma kotu. A 1985 Michael Jackson ya saye kamfanin da ke riƙe da waƙoƙin a kan dala miliyan 47 da rabi, wanda ya haifi waƙa yana ji yana gani rabon mai mallaka yana shiga aljihun wani. Sai a 2017 McCartney ya kai ƙara a Amurka aka sasanta. Takwarorinsu Rolling Stones ma haka, waƙoƙinsu na shekarun 1960 sun ƙare a hannun kamfanin tsohon manajansu. To in waɗanda suka yi makaranta suke da lauyoyi an yi musu haka, ina ga makaɗin ƙauye da ya dangwala yatsa a takarda?

Wannan kiɗa na jita ya shigo Nijeriya ma. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 samari a kudu suka yi ta kafa ƙungiyoyi irin su BLO da Funkees da Ofege, su Ofege ma 'yan sakandare ne a Legas lokacin da faifansu na farko ya fito a 1973. A arewa marigayi Bala Miller, ɗan asalin Zariya, ya haɗa babbar ƙungiya mai kayan busa da jita yana waƙa har da Hausa. Sai dai riƙe irin wannan ƙungiya ba wasa ba ne, kaya duk daga waje ake sayo su, ga albashi ga mota, su kuma masu kuɗinmu sun fi gane su yi wa mai kalangu kyauta ya ambaci kakanninsu.

Sai kaset ya zo ya birkita komai. Faifai sai masana'anta, kaset kuwa duk mai rikoda mai baki biyu ya zama kamfani. A kowace tasha da kasuwa sai ki ba yaro kaset sabo, ki faɗi waƙar da kike so, ki dawo an cika miki. Sunan makaɗi ya ƙara nisa, aljihunsa bai sani ba. Ga karyewar darajar naira tun daga 1986, sai manyan kamfanonin Turawa suka sayar da harkarsu a Nijeriya suka kama gabansu wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, amma ba ta hana mai rikoda aikinsa ba. A daidai wannan lokaci tsohon ubangidan makaɗi na fadama shi ma ya raunana. An yi fari a 1973 da 1984, an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar kogi ta ragu ta kuma sauya hali, ciyawar kachala ta toshe magudanai a wurare da yawa. Manomi da masunci da ke fama da na tuwo ba su ne za su riƙe mai ganga ba. 'Ya'yan makaɗa da yawa suka ajiye gadon suka tafi birni neman wata sana'a.

Akwai wadda nake so mu yi wa kallon tsanaki a nan, Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Ita ma ƙungiya gare ta, ta mata masu kiɗan ƙwarya. Iyayen gidanta kuwa mu ne, matan cikin gida, a biki da suna. Da yake kuɗin mata ne ke riƙe da ita sai ta faɗi abin da ke cikin zuciyar mata, kishi da haihuwa, da kiran mace ta tashi ta kama sana'a kada ta zauna jiran abin hannun miji. Wasu maza sun ce bakinta ba linzami, amma da yake ba su ke biyanta ba, ba su iya rufe shi ba.

Daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, sai sabon ubangida ya fara bayyana, wato furodusan fim da ɗan kasuwar da ke sayen fim ɗin. Da Sangaya ya fito wajen 1999 waƙarsa ta game gari, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka gane waƙa ce ke sayar da kaset, sai ya zama fim ɗin da ba rawa da waƙa irin ta Indiya da ƙyar yake samun mai karɓa. Fiyano guda a situdiyo yana fitar da amon ganga da sarewa da goge, yaro ɗaya ya yi aikin mutum goma. Ga mai jari wannan sauƙi ne, amma 'yan amshi da masu ganga sun rasa wurin tsayawa. Mawaƙan kuwa, maza da mata, a biya su kuɗin aiki sau ɗaya su rera, 'yan wasa su motsa baki a hoto su kwashe suna. Mata nawa ne muka haddace muryarsu shekara da shekaru ba mu san fuskarsu ba? In waƙa ɗaya ta yi kasuwa kuma sai a ce kowa ya yi irinta har kunne ya gaji. Masu basira dai akwai su birjik, mai jari ne ba ya son gwaji da kuɗinsa.

Bayan kaset sai faifan CD, bayansa sai waya da memori. Masu tura waƙa a bakin kasuwa su cika miki memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan abin da bai kai kuɗin cefane ba, mai waƙar bai ga ko sisi ba. Amma ikon Allah, ta wannan hanyar ce wani ya fita duniya. Wani Buzu ɗan Nijar mai suna Mdou Moctar, mai kaɗa jita da hagu, ya zo Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a situdiyo, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya buga su, waya ce ta riƙa miƙa wa waya har suka ratsa sahara. Wani Ba'amurke mai tattara kiɗa ya ji su, ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu ya nemo mai ita aka biya shi. Daga baya ƙungiyarsa ta mutum huɗu ta zagaya Turai da Amurka, a 2021 wani kamfanin Amurka ya fitar musu da faifai, kuma da harshensu na Buzaye suke waƙa suna faɗin abin da ke damun ƙasarsu. Da Ba'amurken nan ya yi irin ta mai rikoda, da har yau ana jin waƙar ba a san mai ita ba.

To mu dawo gida. Tunda sayar da waƙa ba ya ciyar da mai ita, sai mawaƙi ya koma inda kakansa ya fito, wato neman ubangida. Wasu suna samun ɗan abu daga YouTube, amma manyan masu biya biyu ne, ɗan siyasa da mai biki. Waƙar siyasa ba sabuwa ba ce, tun zamanin NEPU da NPC ake yinta, sai dai daga zaɓen 2015 kowa ya ga yadda ta zama babbar hanyar arziki. Illarta ita ce bakin da ya yabi mutum bana shi zai zage shi baɗi in an ɓata, har yaranmu su taso suna ganin baki ma haja ce. Ta biki kuwa mun fi kowa saninta, a kai sunan amarya da ango da iyayen biki situdiyo, a ɗora su a kan kiɗan da aka yi wa amare ɗari. Mu marubuta ma jirgi ɗaya ya kwaso mu da su. Ki kwana wata da watanni kina rubutu, mai shago ya ce a ƙara kishi a raba shi kashi uku, kafin ki mayar da kuɗin ɗab'i wata ta kwafe shi tana rabawa a waya kyauta, har godiya ake yi mata.

Abin da ya sa na kawo muku wannan dogon tarihi, 'yan uwa, shi ne mu ma iyayen gida ne ba mu sani ba. A 2020 mata ne suka ɗauki waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker suka kai ta ko'ina. Abin da muka saurara muka liƙa wa kuɗi, shi za a ci gaba da yi mana. In muka tafa wa batsa batsa za a ƙaro, in muka nemi waƙa mai ma'ana za a nemo mai yinta. In za ki yi biki kika kira masu ƙwarya, ki sallame su da mutunci hannu da hannu, kada ki bari ɗan tsakani ya cinye. In a gidanku ko garinku akwai tsoho ko tsohuwar da ta gaji kiɗa, a ɗauki muryarta da yardarta, a rubuta sunanta a jiki.

Ke kuma da Allah Ya ba 'yarki ko ƙanenki baiwar waƙa ko rubutu, ki ja masa kunne kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, in bai gane ba ya nemi wanda ya sani. Ya tambaya: bayan an biya ni, wa ke da waƙar? Har zuwa yaushe? In su ƙungiya ne su rubuta rabon kowa tun ana dariya, kada su jira sai kuɗi sun zo, ga dai abin da ya raba Beatles. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta bar wa magada waƙa har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya tsara ta, wato ita ma gado ce kamar gona a fadama, sai dai in mai ita ya sayar tun yana raye. Wanda ya sayar da gona don ya ci tuwon dare ɗaya kuwa, 'ya'yansa ne za su yi ƙodago a cikinta.

Allah Ya jiƙan Haruna Uji da Shata da Barmani da sauran magabata, Ya yafe musu kurakuransu. Mu kuma Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Amin.

Wassalam, sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.